Nasibin Mai Gyaran Rediyo

Rediyon babanta ta kawo gyara, ta tarar da mai shagon ya kafa kunne a wata tashar da ba ya jin yarenta.

"Malam, aiki kake ko gulmar mutanen waje?"

Ya ɗaga mata yatsa. "Saurara. Kin ji? Nasib. Na ji ta a bakin Turkawa, na ji ta a waƙar Indiya, masu Suwahili ma suna da ita. Nasibinmu ne dai. Daga Larabci ta fito, kuma asalinta ba sa'a ba ce, kason da aka yanka wa mutum ne, mai daɗi ko marar daɗi."

"To, ni kasona rediyo mai tari. Gyara."

Daga nan ta riƙa dawowa da rediyon, lafiyarsa ƙalau. Tana ce masa Sarkin Kunne, yana ce mata Tashata.

Gwajin jini kafin aure ne ya tsinka komai. Dukansu suna ɗauke da ƙwayar sikila.

Babanta bai ɗaga murya ba. "Na yi jinyar ƙaninki har na binne shi. Ba zan yi ta jika ba. Ga ɗan aminina mai kantin magani, jininsa lafiya."

Mai gyara ya daina ɗaga wayarta. Ta ɗauka ya samu wata, sai ga saƙonsa:

"Tashata, ba gudunki nake ba. In muka haihu, yaron da ba a yi shawara da shi ba ne zai sha azabar. In ba mu haihu ba, ke na cuta. Na juya ta ko'ina, ban ga inda babu zalunci ba."

Ta amsa:

"Wa ya ba ka zaɓar mini abin da zan iya ɗauka? Ni na riƙe ƙafafun ƙanina yana ihu. Ba zan haifi wannan kukan ba, ba kuma zan auri mai magani ba. Zo ka gaida Baba."

Ya je, ya durƙusa. Tsohon ya dube shi.

"Ba haihuwa, har abada? Kun yarda?"

"Mun yarda, Baba."

"Allah ya yi muku albarka," ya ce, ya juya fuskarsa ga bango.

Ranar da aka kai ta ɗakinta, gwaggonta, wadda ba a faɗa wa komai ba, ta haɗa hannayensu tana murna.

"Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, 'yan biyu-biyu!"

Ɗakin ya ɗauki amin. Amarya ta matse yatsun angonta.