Mariƙin Ƙofar Motar Kaka

"Jefar da shi, duk tsatsa ne!" in ji wani makaniki.

"Wallahi ba na jefarwa, Yaya!" in ji ƙanwarsa.

Can a wani gari ne, suna gyaran tsohuwar motar kakansu mai ruri kamar zaki. Rigimar a kan mariƙin ƙofa ce, wanda kakan ya shekara arba'in yana kamawa. Yayan ya ce in bai yi haske kafin azahar ba, sai bola.

Ta ɗebo toka da lemun tsami kamar mai wanke tukunya. Ta goga, ta goga, yana dariya. Ta goga, ta goga, sai ga mariƙi yana ƙyalli wal-wal!

Yayan ya leƙa, ya ga fuskarsa a jiki. Ya ce, "Kin ɓata shi! Dubi yadda ya ƙara mini hanci!"