Ramin Linzami Na Biyu

Rana ta faɗi a birnin Daejeon, fitilun benaye sun fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, Gil Sun-hwa tana zuba miyar waken soya a kwanuka tana cika tana batsewa. Daga baranda ƙarar ƙaramin zarton mijinta ce ke shigowa, siririya, mai sa haƙora tsami.

Sana'ar mijin nata, Bong Tae-sik, ke nan. Yana bin masu kwashe kayan gidajen da mai su ya mutu, ya sayo tsofaffin akwatunan wasan da ake jonawa da talabijin, ya farke su, ya ciro koren allon da ke ciki, ya yanke shi ya rage masa girma. Sai ya liƙa masa ƙaramin gilashi da batir, ya zama abin da mutum zai riƙe a tafin hannu ya yi wasa a cikin jirgin ƙasa. Abin da yake fara datsewa kuwa shi ne gefen da ramin linzami na biyu yake, inda abokin wasa ke jona abin dannawarsa, domin abin hannu na mutum ɗaya ne.

"Baban Na-rae, sai miyar ta yi ƙanƙara za ka zo? Kayan matattu sun fi mu daraja, ko?"

"Saura yanka ɗaya," in ji shi.

Zarton ya yi ƙara, wani abu ya ce ƙas, sai gidan ya yi tsit. Har firiji ya daina gurnani. Na-rae, 'yarsu tilo mai shekara goma sha shida, ta kai cokali baki ta tsaya, ta tofo wani abu a tafinta. 'Yar ƙaramar kusa ce, irin wadda ake ɗaure akwatunan da ita.

Daga ranar, da zarar almuru ya yi, sai kusoshi su fara dukan gilashin taga, daga ciki. Talabijin a kashe, an cire wayarsa daga bango, amma ana jin wani ɗan kiɗa na fitowa daga gare shi, da tarin tsoho can ƙasa-ƙasa. Tae-sik ya ce bututun ruwan maƙwabta ne. Sun-hwa ta ce ya gaya mata tun yaushe bututu ya fara tari.

Sai abin ya koma kan yarinyar. Ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci sai an ɗura mata. Takan durƙusa gaban baƙin gilashin talabijin, hannuwanta a haɗe kamar ta riƙe wani abu, manyan yatsunta suna dannawa, suna dannawa, suna goge gefen manuniyarta har fata ta saɓule. In an riƙe hannun sai ta yi wani gunji da ba na mace ba. A asibiti suka ce gajiyar karatu ce, suka ba da ƙwayoyin barci. Yarinyar tana barci, yatsun suna aiki.

Sun-hwa ba mai kuka ba ce, tsoronta faɗa yake zama. Ta zagi likita, ta zagi mai kwashe kaya, mijinta kuwa ta wanke shi tas.

"Ka dubi hannun 'yarka. Dube shi mana, kada ka sunkuyar da kai. Wa ka kwaso mana a kwali?"

"Roba ce da waya, Maman Na-rae. Na yanka irinsa ba adadi."

"To wannan ya yanka ka."

Ita ta je da ƙafarta gindin dutsen bayan gari ta ɗauko tsoho Maeng, mai karatu da ganga, wanda ake kira in abu ya shiga gida. Ya zo da yamma, siriri, da tabarau mai kauri. Bai gaisa da kowa sosai ba. Ya rataya fararen takardu masu yanke-yanke a bango, ya watsa jan wake a kusurwoyi, ya ajiye kwalba a gefensa, ya zauna ya fara buga ganga yana karatu da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Hasken taga ya yi ja, ya koma toka-toka. Kusoshi suka zubo daga silin kamar ana sheƙa gero.

Na-rae ta juyo. Wuyanta kaɗai ya juya.

"Tsoho, ka cika surutu," ta ce, da wata murya busasshiya.

"Wane ne kai, me ka zo nema jikin 'yar mutane?"

"Ka tambayi wancan mai zarton."

Tae-sik ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Aljanin da ke jikinta ya yi magana a hankali, yana huci tsakanin kalmomi. Ya ce a cikin akwatin yake tun lokacin da wani tsoho mai suna Pyeon ya saya wa ɗansa shi. Ɗan ya girma ya tafi, matar ta mutu. Kullum da almuru tsohon sai ya jona linzami biyu, ya riƙe ɗaya, ya ɗora ɗayan a kan matashin da ke gefensa, ya ce wa ɗakin da ba kowa, to bismillarka, fara. Wata rana shi kuma aljanin ya fara. Tsohon bai gudu ba, dariya ya yi. Haka suka yi shekaru suna wasa, har yammacin da tsohon ya kife da linzami a hannu ana tsakiyar wasa.

"Ina jira ya danna, sai ga wannan ya zo ya datse mini ƙofa. Ina zan zauna? Yarinyar tana da yatsu masu kyau. Na riƙe."

"Ka riƙe uwar wa?" Sun-hwa ta yi kansa, Maeng ya tare ta da sandar ganga.

"Ka ga kwalbar nan," ya ce wa aljanin. "In na sa ka ciki na toshe, a mararraba zan binne ka."

"Sa ni. Da hannuwanta zan shiga, ku riƙe sauran."

Maeng ya cire tabarau ya goge. Sannan suka shiga ciniki kamar masu sayen kifi. Aljanin ya ce a bar masa yarinyar kowane almuru, Maeng ya ce ko ɗaya. Ya ce to shekara guda, Maeng ya ɗaga kwalba. A ƙarshe suka tsaya a kan wasa ɗaya: a mayar masa da raminsa, a yi wasan har ya ƙare, ya koma akwatinsa, Maeng ya tafi da shi dutse.

"Amma ba da mai zarto ba," in ji aljanin. "Da wannan mai bakin. Ita ce ke da zafi."

Tae-sik ya tono guntun allon daga kwandon shara. Ya durƙusa a tsakar ɗaki yana haɗa shi da wayoyi sirara kamar gashi, yana ɗiga dalma, har ya ƙona yatsa. Sun-hwa tana tsaye a kansa.

"Yankawa dai ba ta yi maka wuya ba. Yi sauri."

Aka jona, talabijin ya kawo haske. Wasu 'yan mutane biyu ne a kan gada, ruwa a ƙasa, kowa na ƙoƙarin ture ɗan'uwansa. Aka sa wa Na-rae linzami a hannu, yatsun suka kama shi kamar mayunwaci ya ga tuwo. Sun-hwa ta karɓi nata. Ba ta taɓa riƙe abin ba a rayuwarta, ta tsane shi kamar me.

"Ke ce mai jar riga," Tae-sik ya raɗa mata. "Wannan gaba, wannan baya."

Ta danna da duk haushin da ke cikinta. Mai jar riga ya ruga, ɗayan ya tsallake shi. Ta dawo, ya sake tsallakewa. Sau da yawa tana tsaye a bakin gada, taɓawa kaɗan za ta faɗa, sai ya ja baya ya jira ta. Duhu ya cika taga. Jini ya fara bin linzamin Na-rae yana ɗiga a kan siket ɗinta, bakinta kuwa yana wani murmushi na jin daɗi wanda ba nata ba.

Nan Sun-hwa ta gane. Ba zai ture ta ba, ba zai bari ta ture shi ba. Wasan da ba ya so ya ƙare ne.

"Macuci," ta ce. "Malam, kana ganinsa?"

"Sharaɗi sai wasa ya ƙare," in ji Maeng, bai daina buga ganga ba. "Ba ni da ikon taɓa shi kafin nan."

Ta dubi gilashin, ta dubi jinin. Ta kasa cin sa, to, amma ai ba a ce sai ta ci ba. Ta danna baya ta riƙe. Mai jar riga ya juya wa abokin wasansa baya, ya taka har ƙarshen gada, ya faɗa ruwa.

"Na faɗi. An gama. Tsohonka ya mutu, ba zai dawo ya danna komai ba, ni kuma ba shi ba ce. Ba ni 'yata."

Ganga ta tsaya. Ɗan mutumin da ya rage yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar gada, kiɗan yana ta maimaita kansa. Sun-hwa ta zaci gunji za ta ji. Muryar da ta fito ƙarama ce.

"Shi ma haka yake yi in ya gaji."

Talabijin ya ɗauke. Firiji ya ci gaba da gurnaninsa. Maeng ya zare wayoyin, ya naɗe akwatin da farar takarda, ya ɗaure da igiya, ya rungume shi ya nufi ƙofa. Ya ce kada kowa ya raka shi.

Linzamin ya suɓuce daga hannun Na-rae. Ta dubi ɗakin, ta dubi jan waken da ke warwatse, ta dubi yatsunta.

"Umma, hannuna zafi yake."

Sun-hwa ta kama hannuwan biyu ta matse a ƙirjinta, tana jira ta ji ko yatsun za su motsa. Tae-sik ya matso da auduga da magani, ya tsaya nesa kaɗan, bai san ko za a bar shi ba. Yatsun suna kwance lamo. Sai a lokacin kukan ya zo mata, mai ƙarfi, marar kyan ji, tana yi tana faɗa.

"Tsayuwar me kake yi? Zo ka riƙe mata ɗayan."