Zabin Tsoho Tinga

Da hantsi Kofur Ilbudo ya shigo ofis ya ƙame.

"Yallaɓai, an yi waya daga Kumsiga. Irin dawar ƙungiyar mata ya ɓace, buhu huɗu. Yau kasuwarsu, yau ne za a raba shi."

Sufeto Pare ya ajiye biro. "An kama wani?"

"Sun ce matar da ke riƙe da makulli ce. Dattawa sun yanke, in kasuwa ta watse ba a ga irin ba, za a karɓe gonarta a mayar da ita garin iyayenta."

"Mosawa ke nan. Ku yanke hukunci da safe, ku nemi shaida da yamma. Tayar da babur."

Gara in faɗa tun yanzu, Sufeto Pare ɗan ƙabilar Samo ne, wato bawanmu. In shi ka tambaya zai ce mu Mosawa ne bayinsa. Wasan nan tun kaka da kakanni yake, ɗan Samo zai zagi sarkinmu a gaban fadawansa a yi dariya. Yabon ɗan Samo na yi mini wuya, amma mutumin nan in ya sa abu a gaba sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Sun iske kasuwa ta cika maƙil. Kekuna jingine da kowace bishiya, amalanken jaki na ture juna, ƙamshin ƙosai ya gauraye da na daddawa da burkutu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma kowa in ya ɗaga kai ya gan shi sai ya ƙara ɗaure fuska. Wanda ruwan farko ya same shi ba iri, ya san yunwar baɗi tun bana.

Naba, sarkin garin, na zaune a gindin tsamiya da dattawansa.

"Sannu da hutawa, bawana," in ji Sufeto. "Har yanzu farau-farau kuke sha kuna kiransa abinci?"

"Wa ya kwance wa mai cin kare igiya?" in ji Naba. Aka ɗan murmusa, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

A gefe wata mace na zaune a ƙasa, ramammiya, hannayenta duk kanta. Makulli na rataye a wuyanta da igiyar fata.

"Ke ce Pogbi?"

"Ni ce."

"Kin sayar da irin?"

"Da in sayar da iri gara in sayar da hannuna."

"Yaushe kika gan shi na ƙarshe?"

"Shekaranjiya da safe. Na kulle, muka tafi makoki ƙauyen Lilgo, mu duka gari. Yau na buɗe na ga wayam."

Sufeto ya dubi Naba. "Ranka ya daɗe, kada a taɓa matar nan sai na dawo."

"Har kasuwa ta watse," in ji Naba. "Maganar dattawa ba ta komawa ciki."

Ɗakin ajiyar na bayan rumfar masu gishiri. Kwaɗon lafiyarsa ƙalau, bango ba ɓaraka, rufi ba huda. A ƙasa akwai farar ƙura.

"Toka ce," in ji Kofur. "Da ita mata ke cakuɗa iri, don ƙwari."

Sufeto ya tsuguna gaban ƙofar. Ƙarfen da ke riƙe da kwaɗon ya yi tsatsa, amma kan ƙusoshinsa huɗu na ƙyalli. Ya shafa ɗaya, ya duba yatsansa.

"Baƙin mai. Kofur, mai makulli na kwance ƙusa?"

"A'a, Yallaɓai."

"To wani ya kwance, ya kwashe, ya mayar, don a ce mai makulli ce. Wanda ya yi wannan ba dawa kaɗai yake so ba."

Ya sa Pogbi ta kai shi gonar. Tana bakin gari, kewaye da layin duwatsu, cike da ƙananan ramuka, kowanne da taki a cikinsa. Bayan duwatsun kuwa ƙasa ce ja, mai tauri kamar daɓe.

"Haka tawa take da mijina ya rasu," in ji Pogbi, tana nuna jar ƙasar. "Faƙo ne, ko akuya ba ta tsayawa. Shekara goma sha ɗaya ina haƙa ramukan nan, ina ɗauko dutse a ka. Bara na cika rumbu biyu."

"In an karɓe ta, wa za a ba?"

Ta kau da kai ta dubi ramukanta.

"Inna, ba gulma na tambaye ki ba."

"Ƙasar gidan mijina ce. Wansa, Tsoho Tinga, shi ya bar mini. In na tafi ta koma wa ɗan farinsa, Yamba."

"Mece ce sana'ar Yamba?"

"Gyaran keke."

Sufeto ya dubi baƙin man da ke yatsansa.

Suka koma kasuwa. Duk inda aka yi makoki a yankin nan, Talato mai burkutu ce ke kai tukwanenta, kuma ta fi kowane magatakarda sanin wa ya zo, wa ya ƙi.

"Uwar mashaya," in ji Sufeto, "wa bai je makokin Lilgo ba?"

"Kowa ya je."

"Har Yamba?"

"Na ce kowa." Ta ci gaba da wanke ƙwarya.

"Ashe abin da ake faɗa gaskiya ne, idon Talato ya mutu. Shi ya sa ake shan nata a tashi ba ta gani."

Ta ajiye ƙwaryar da ƙarfi. "Idona? Kai bawa, ka iya bakinka! Ni na ga Yamba ya iso bayan an rufe kabari. A tsaye ya sha ƙwarya biyu, wandonsa fari fat har gwiwa. Har na ce masa ko murhu ya faɗa."

Sai da ta gama ta rufe baki da hannu.

"Allah ya ƙara hasken ido," in ji Sufeto.

Yamba na ƙarƙashin rumfarsa, ya kifa keke yana ɗaure sarƙa. Ƙato ne mai fara'a, shekarunsa za su kai arba'in.

"Ina kake shekaranjiya?"

"Lilgo, Yallaɓai. Tun safe."

"Ka ga an sa gawa a kabari?"

"Da idona."

"Talato ta ce bayan an rufe ka iso."

"Talato na ɗanɗana hajarta da yawa."

"Me ya ɓata maka wando da toka?"

"Garin rogo ne. Na taya wani ɗora buhu." Ya goge hannu da tsumma. "Yallaɓai, in ni kake zargi, mu je gidana. Ka duba ko'ina."

Suka je. Sufeto ya duba ɗaki, ya duba rumbu, ya ɗaga tabarma, ya zura sanda a tulin kara. Ko ƙwaya ɗaya babu. Yamba na tsaye hannu a ƙirji yana murmushi.

Da suka fito rana ta karkata. Masu zuwa daga nesa sun fara ɗaure kaya a keke.

"Yallaɓai," in ji Kofur, "baƙin mai da wando ba za su tsaya a gaban alƙali ba."

"Na sani."

"Kuma kasuwa ta fara watsewa."

"Ina da ido. Buhu huɗu ba allura ba ne, Kofur, kuma bai fita garin nan ba. Mutumin da ya ce zo ka duba gidana da dariya, ya san inda ba za a duba ba." Ya tsaya. "Me ya sa gidansa ke nan, na ubansa can?"

"Ɗan fari ne. Ba ya zama gida ɗaya da uba. Ba ya sa rigarsa, ba ya leƙa rumbunsa. Sai ranar da uban ya mutu ake kama hannunsa a nuna masa cikin rumbun."

"In ya leƙa kafin nan fa?"

Kofur ya tofar da yawu gefe. "Ya yi wa ubansa fatan mutuwa ke nan."

"Mu je in gai da tsohon."

Tsoho Tinga na zaune a kan fatar akuya a ƙofar ɗakinsa. Idanunsa sun yi yana, da ƙyar yake ganin inuwar mutum.

"Wane ne?"

"Ubangidanka ne daga ƙasar Samo, Baba. Na zo duba ko kana aiki."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Zauna, ɗan banza. Ba ni da kare da zan yanka maka."

"Kana ganin Pogbi ta yi sata?"

Dariyar ta ɗauke. "Matar ƙanena ce. Ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Amma makulli a wuyanta yake, ni kuma ni kaɗai na tsaya mata a cikin dattawa."

Sufeto na saurare, amma idonsa na can ƙarshen gida. Zabi kusan ashirin sun taru a gindin wani rumbu suna ta tono.

"Baba, me ke cikin rumbun can?"

"Iska. Tun tsakiyar rani ya ƙare."

"To me zabinka ke ci a gindinsa?"

"Ni ma abin ya dame ni. Kwana biyu ke nan sun ƙi fita daji, sai surutu."

Sufeto ya tashi ya kore su. Ya tsinci ƙwayoyi a tafin hannu, ya hura. Toka ta tashi, jar dawa ta bayyana. Ba a wuri ɗaya ta zube ba, ta bi jikin rumbun tun daga sama har ƙasa.

Ya ja tsani.

"Yallaɓai!" in ji Kofur. "Rumbun dattijo ne, ba a leƙawa!"

"Kai ne ba ka leƙawa. Rumbun bawana ai nawa ne."

"Bar shi," in ji Tinga. "Ɗan Samo ba shi da kunya, ba shi da haram."

Sufeto ya hau, ya ɗaga jinkar, ya zura hannu har kafaɗa. Da ya fito da shi fari ne fat.

"Kofur, hau babur. Ka kawo mini Naba da Pogbi da Yamba, kafin a watse."

Ba su kaɗai suka zo ba, rabin kasuwa ya biyo su, har da ni. Sufeto ya buɗe tafin hannunsa a gaban Pogbi.

"Namu ne," ta ce.

"Yamba, yaya aka yi ya shiga rumbun ubanka?"

"Ni za a tambaya? Kowa ya san ni ɗan fari ne, ko inuwar rumbun nan ba na takawa. A tambayi mai makulli, ai tana shigowa gidan nan kullum."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Magana ce mai kama hankali, kuma na ga alama har Naba ta kama.

Sufeto bai ko dubi Yamba ba. Ya je ya durƙusa gaban tsohon, ya sassauta murya, amma yadda kowa zai ji.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ɗanka ya hau tsanin nan, ya ɗaga jinka, ya leƙa rumbunka har ƙasa. Ya gama auna gadonsa kana zaune da ranka."

Mata suka ɗora hannu a ka. Tsohon ya lalubi sandarsa, ya miƙe, ya juya fuskarsa inda ya ji muryar ɗansa.

"Yamba. Ka leƙa?"

"Baba, ƙarya yake yi!"

"Ka gaji da jirana ne? Ka leƙa?"

"Ban leƙa ba, Baba! Na rantse da ƙasar nan ban leƙa ba! Kaina na kawar, idona a rufe na zuba!"

Zabin kaɗai ke magana.

"Na sani," in ji Sufeto, yana miƙewa. "Mai ido a buɗe ba ya ɓarar da dawa a jikin rumbu haka. Baba, ka yafe mini, bai leƙa ba. Sata kawai ya yi."

Yamba ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ni ne ɗan gida," ya ce. "Gonata tsakuwa ce, 'ya'yana shida. Ita baƙuwa ce, an auro ta ne. Na ce in ta tafi sai in fito da irin a raba, ba wanda zai rasa."

"Lokacin da take faƙo ba ka tuna kai ɗan gida ba ne," in ji Talato daga cikin taro.

Kofur ya sa masa ankwa. Da za su wuce, Yamba ya tsaya gaban ubansa.

"Baba, ka dai ji. Ban leƙa ba."

"Na ji," in ji tsohon. "Ka ji tsoron ganin cikin rumbuna, ba ka ji tsoron jefa matar ƙanena a hanya ba. Da ma ka leƙa ɗin."

Aka tafi da shi. Ni dai tausayin tsohon ya fi kama ni, don ya san ranar da za a binne shi, wannan hannun za a kama a nuna wa rumbun.

Iska mai sanyi ta taso daga gabas. Naba ya dubi sama, ya dubi matan ƙungiya da ke tsaye da ƙoransu. Duk ga iri a gabansu, amma ba wanda ya isa ya hau.

"Pogbi," in ji Tsoho Tinga.

"Na'am, Baba."

"Hau ki kwashe."

"Baba, rumbunka ne."

"Na ce hau. Ruwa ba ya jira."

Ta cire makullin daga wuyanta ta miƙa wa Naba, ta gyara ɗamara, ta kama tsani. Sufeto Pare ne ya riƙe mata shi.