Tebur Ɗari Uku, Baki Ɗaya

Tun hantsi uwar faifai take juye kanta cikin na'urorin Ofishin Rabon Ruwa na Birnin Tudun Ƙarfe. Koriyar fitila na kamawa tebur bayan tebur, har ɗari uku.

Yadda abin yake, na'ura ɗaya ake gyarawa tsaf, a ɗauki hoton duk abin da ke cikinta, a kwafa wa sauran, ya shafe abin da suke ɗauke da shi. Injiniya Lantana ta zaɓi ta tebur na ɗaya, wadda ta fi sauri, ba ta kuma taɓa kauce wa doka ba.

Baba Sallau masinja yana tsaye yana kallo. Bai taɓa shiga aji ba, amma shekarar da famfo ya ƙafe wata bakwai, masu digiri suka tsere, shi yana nan daram. Ya san na'urorin nan fiye da wanda ya ƙera su, don kowacce ta ɗauki halin ma'aikacin da ya daɗe a gabanta. Ta tebur na arba'in, wadda marigayi Malam Barau ya yi shekara talatin a kanta, ta koyi cewa gidan da aka yi rasuwa buɗe masa ruwa ake yi, ko ba ranar unguwarsu ba ce. Ba wanda ya rubuta wannan, gani ta yi ana yi.

Sallau ya roƙi Lantana ta bar ko da wannan ɗayar. Ta yi murmushi, ta ce bambancin nan shi ne ciwon da ta zo warkarwa.

"'Yata, da can in wani tebur ya hana ka, sai ka matsa na gaba," in ji shi. "Yanzu ina za a matsa?"

Ta ce ya je ya huta.

Kwana tara da haka mahaifiyar Lantana ta rasu da safe, saura kwana biyu ruwa ya zagayo unguwarsu. Ga gawa na jiran wanka, an sa jana'iza bayan azahar. Sallau yana bakin ƙofa ya ga Lantana ta shigo ofis ba takalmi. Tebur na ɗaya ya ce ba ranarsu ba ce. Na biyu ma haka, da murya ɗaya, kalma ba ta sauya ba. Ta bi layi har na arba'in, ta tsaya, ta daɗe a gabansa.

"Baba, ba a ajiye tsohon faifan Malam Barau ba?"

"Ke kika ce a goge, kada wani ya mayar."

Ya ɗauko jarka biyu a bayan ƙofa, ya miƙa mata ɗaya. Akwai tsohuwar rijiya a bayan ganuwa wadda ba ta cikin taswirar kowace na'ura, kuma duk garin shi kaɗai ya rage da ya san hanyarta.