Gyambon da Aka Kawo Zauren Gyara

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba sai an ce ta zo mu ji ta ba. Wanda kuma ya san zuciyarsa ba ta da wuyar tashi, ya ture kwanon tuwonsa gefe tukuna.

Nazifi saurayi ne a Zariya. Ya gama karatun injiniyan lantarki, kansa cike da dabaru, ba ya iya zama wuri ɗaya. Kawunsa ya ba shi aron wani tsohon ɗakin injin niƙa a bayan gari. Ya share, ya kafa tebura, ya ɗora sola a kan kwano, ya rataye kayan aiki a bango. Ya sa wa wurin suna Zauren Gyara. Kowa na iya zuwa: ɗalibai, masu gyaran waya, har teloli masu mataccen keken ɗinki. Ba a yi wa mutum gyara a wurin. Ana dai nuna masa ya yi da kansa. A jikin ƙofa ya rubuta dokoki da babban baƙi, ta farko ta ce wanda ya ɓata abu, shi zai gyara da hannunsa.

A zauren suna yin allon na'ura da kansu. Faranti ne mai fatar jan ƙarfe. A zana hanyoyin wuta a kai, a tsoma shi cikin asid mai ɗumi, asid ya cinye duk inda ba a zana ba. In an gama sai ruwan ya koma kalar tsatsa, ya yi kauri, yana ƙarni. Ba a zubar da shi a ƙasa. A jarka ake juye shi, a kashe kaifinsa da kanwa. Wannan ma Nazifi ne ya rubuta da hannunsa.

Ran Laraba, ana shirin kiran magariba, Barira ta tsaya a kansa da jakarta a kafaɗa. Ɗaliba ce, tana haɗa wa mahaifiyarta na'urar ƙyanƙyasar ƙwai.

"Injiniya, jarkar nan fa ta cika."

"Na gani."

"Tun Litinin kake gani."

Ɗan'asabe mai gyaran waya yana naɗe wayar caja, ya ce, "Ki ƙyale shi. Doka ai don mu aka rubuta ta, ba don mai zaure ba."

Nazifi ya ce, "Kai da ka narkar mini da bakin ayan ɗin liƙin dalma sau biyu kake maganar doka?"

"Sau ɗaya da rabi, mutumina."

Suka fita suna dariya. Nazifi ya saura da roba ɗaya ta asid a hannu, da sauran zafinta, babu inda zai juye. Liman ya tayar da salla. Ya zagaya baya da sauri. Akwai wani rami a gindin tsohuwar katanga, inda suka saba share guntayen waya da ɗigon dalma su tura da tsintsiya. Nan ya tuttule robar duka. Da magariba. Ruwa mai zafi. Ko bismillah bai yi ba, balle ya ce a kauce.

Ramin ya shanye ruwan. Daga can ciki ya ji wani sauti, kamar mutum ya ja iska ta tsakanin haƙora.

Ya ce ƙasa ce ke tsotsa. Ya yi alwala ya tafi masallaci.

Ɗigo ɗaya ne ya fallatso masa a ɗan yatsan da yake nuni da shi, na dama. Ya wanke da sabulu, bai fita ba. Da safe tabon ya kai girman ƙwayar gyaɗa, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Da azahar ya haye yatsa na biyu. Yana ƙaiƙayi daga ciki, inda farce ba ya kaiwa. Ya naɗe da salatif, bai gaya wa kowa ba. Duk abin da Nazifi ya mallaka a duniya hannun nan ne. Da shi yake riƙe ayan, da shi yake zane, da shi yake nuna wa mutane.

Ran Alhamis bayan isha'i kowa ya watse. Shi ya zauna zai ƙarasa wani aiki. An yi kwana biyu ana hadari, batiran sola ba su ƙoshi ba. Ƙwan fitila ɗaya ya bari a saman teburinsa.

Wata sifika da ke gefe ta fara gurnani. Ba a jone take da komai ba.

Allurar mitar awon wuta ta ɗaga, ta kwanta. Ta sake ɗagawa.

Sai wari. Irin na mushen da ya kwana uku a kwata, haɗe da ƙarnin tsatsa. Nazifi ya toshe hanci da gwiwar hannu.

Wani tsoho ne tsaye a bakin ƙofa. Gajere, da farar riga wadda ta daɗe da barin fari. Bakinsa ya motsa, ya rufe. Sai bayan ya rufe sallamar ta iso, kamar wayar da sabis ya yi mata ƙaranci.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Baba, mun tashi. Sai gobe."

Bakin ya motsa. Nazifi ya jira.

"An ce nan ake gyara."

"Rediyo ce?"

Tsohon ya shigo yana jan ƙafar hagu. Duk inda ya taka sai ya bar sawu jiƙaƙƙe, kalar tsatsa, simintin yana ƙara a hankali kamar an yayyafa ruwa a kasko. Ƙafar dama kuwa yatsunta uku ne, dogaye, suna kama ƙasa kamar na ƙadangare. Nazifi ya gani. Ya yi kamar bai gani ba.

Tsohon ya zauna a benci. Ya ɗaga ƙafar hagun ya ɗora a kan teburin aiki, tsakanin ayan da mita. Ya fara warware tsumman da ya ɗaure ta da shi. Tsumman yana ɗagowa da fata.

Gyambo ne, daga gwiwa har idon sawu. Naman ya yi kore a gefe, tsakiya ya zama kamar kunun da ya kwana. Mugunya tana bin ƙwaurin tana ɗiga a kan takardun zanensa. A cikin naman akwai abubuwa suna ƙyalli. Nazifi ya duƙa ya duba. Guntayen jar waya ne. Ɗigon dalma. Ƙafafun ƙananan kayan na'ura da ake datsewa. Sharar zaurensa ce ta wata shida, tsaf, kuma tsutsotsi na bi ta tsakaninta suna ture ta.

Ya juya ya yi amai a kwandon shara.

Tsohon ya jira har ya gama.

"Wata shida kuna share mana ƙarfe a tsakar gida. Mun yi shiru. Maƙwabtaka ce." Bakin ya tsaya, maganar ta ci gaba ita kaɗai. "Jiya ina alwala ka zubo mini wuta. Da ka ambaci sunan Allah, da na kauce."

"Baba, ban sani ba. Wallahi ban..."

"Na karanta ƙofarka, samari."

Tsohon ya nuna ƙofar da haɓa.

"Wanda ya ɓata. Haka ka rubuta?"

"Haka ne."

"To gyara. Ka gama kafin fitilar nan ta mutu. Ba na iya riƙe wannan siffar a duhu. In ba ka gama ba, hannun da ya zuba zai bi ni gida."

Salatif ɗin yatsan Nazifi ya saki da kansa ya faɗi. Tabon ya riga ya rufe yatsu huɗu, yana gangarowa tafin hannu. Warinsa da na gyambon ɗaya ne.

Can a lungu inbata, akwatin da ke ba da wutar sola, ta yi ƙara sau ɗaya. Batir ya fara ƙasa.

Nazifi ya tsaya ya yi tunani kamar yadda aka koya masa. Asid ne yake cin naman har yanzu. Sai an kashe shi tukuna. Ya ɗauko ƙullin kanwar da ya kamata ya zuba a jarka tun Litinin, ya daka da gindin filaya, ya dama a kofi. Ya nemi safar hannu. Kwalin babu ko ɗaya.

"Zai yi zafi, Baba."

"Zuba."

"Bismillah," in ji Nazifi, ya zuba.

Gyambon ya tafasa. Kumfa ta taso, rawaya, tana fashewa tana fesa masa a fuska, har a leɓe. Tsutsotsin suka yo waje suna zubowa a kan tebur kamar shinkafa. Ɗaya ta faɗa kan ayan mai zafi ta ƙone, ɗakin ya cika da ƙaurin gashi. Tsohon bai motsa ba. Sifikar ce ta yi nishi a madadinsa.

Nazifi ya ɗauki hantsakinsa, mai bakin tsini, wanda yake ɗaukar ƙananan kaya da shi. Ya fara cirewa. Guntun waya. Ya jefa a gwangwani. Dalma. Ya jefa. Wasu suna fitowa da sauƙi. Wasu nama ya riga ya rufe su, sai ya murɗa, su fito da zare-zaren fata. Ya gane kowanne. Wannan jar wayar ta na'urar Barira ce. Wannan sukurun na wayar da Ɗan'asabe ya buɗe ne. Wannan kuwa, da yawancinsu, nasa ne.

Ya dubi hannunsa. Tabon ya tsaya a wuyan hannu. Da ya ƙara cire goma, ya ga ya ja baya kaɗan.

Inbata ta yi ƙara sau biyu.

Ya daina numfashi ta hanci. Ta baki kuma sai ya riƙa jin ɗanɗanon abin. Yawu ya cika masa baki, ya rasa inda zai tofar, don yanzu ba ya yarda da ko wane lungu na ɗakin. Ya haɗiye. Ya goge da auduga da sifirit, ya ci gaba. Gwangwanin ya cika, ya jawo wani.

Fitila ta fara ja.

"Na gama, Baba."

"Saura ɗaya."

"Ban ga komai ba."

"Ƙarƙashin ƙashi."

Ya tura hantsaki. Ya ji ya taɓa wani abu mai santsi, zagayayye. Ƙaramin batir ne irin na agogo, ya kumbura ya fashe, ya maƙale a bayan ƙashin ƙwauri. Hantsaki ya kama, ya suɓuce. Ya kama, ya suɓuce. Inbata ta fara kuka ba tsayawa.

Nazifi ya ajiye hantsakin. Ya dubi yatsunsa biyu, waɗanda tabon bai sake su ba. Ya rufe ido ya cusa su cikin gyambon.

Ciki da sanyi. Ya yi zaton zai ji ɗumi, sai ya ji sanyi kamar ƙasan randa. Naman ya rufe yatsun yana tsotsa. Ya tura har suka nutse duka. Wani abu ya bi ta bayan farcensa ya wuce. Ya taɓo batirin. Ya maƙale shi tsakanin yatsun.

Fitila ta mutu.

A duhun, ƙafar ta fara sauyawa a hannunsa. Ta yi tsawo. Gashi ya fito mata, mai kaushi kamar na tsintsiya. Gwiwar ta lanƙwasa ta inda gwiwa ba ta lanƙwasawa. Benci ya yi ƙara, ya tsage. Numfashi ya sauko masa a ƙeya, daga sama, kusa da kwanon rufi.

Bai saki ba. Ya dafe teburin da hagu, ya fizga. Abin ya fito da ƙara irin ta cire ƙafa daga taɓo. Ya faɗi da baya, batirin a hannunsa.

Shiru. Sai maganar ta iso, bai san tun yaushe bakin ya faɗe ta ba.

"Hannunka yana da kyau, samari. Riƙe abinka." Aka ja wani abu mai nauyi zuwa ƙofa. "Zan ba ka tukwici. Mu da yawa ne a ƙarƙashin garin nan, kuma ba kai kaɗai ke zubar da abu ba. Zan gaya musu an sami mai gyara."

Da safe Barira da Ɗan'asabe suka same shi a bakin famfo, yana dirzar hannu da toka har fata ta yi ja. Ɗan'asabe ya leƙa ɗakin, ya fito da gudu ya duƙa a bakin kwata. Barira ta dubi gwangwanaye biyu, ta dubi Nazifi. Ta je ta jiƙo kanwa bokiti guda ta miƙa masa. Shi ya wanke teburin. Bai bar kowa ya taɓa ba.

Hannun ya tsira. Yana liƙi da shi, yana zane, har ya fi da ƙwarewa. Sai dai yatsu biyun nan ba su daina wari ba. Ya gwada lemun tsami, ya gwada turare, ya gwada kananzir. Har yau da cokali yake cin tuwo, kuma da hannun hagu yake riƙe cokalin, yana neman gafarar Allah.

Tsohon kuma ya cika alkawari. Zauren yana nan, ya ma ƙara cika da rana. Amma da an idar da isha'i, in mutum biyu ne a ciki, ba a jin komai. In mutum ɗaya ne, sifika za ta fara gurnani. Wani ɗalibi ya taɓa komawa ɗauko cajarsa shi kaɗai. Ya ce ya tarar da layi a jikin bango, tun daga ƙofa har bayan katanga, kowa a zaune, kowa riƙe da wani sashe na jikinsa a naɗe da tsumma. Suka juyo gaba ɗaya. Bakunansu suka motsa. Bai tsaya jin abin da zai iso ba.

Don haka in kun je koyon aiki a can, ku je, wuri ne mai albarka. Amma in kuka ga na ƙarshe ya ɗauki jakarsa, ku ɗauki taku ku bi bayansa. Kada ɗayanku ya ce bari ya ƙarasa liƙi ɗaya. Ba sa tambayar wanda ya iya da wanda bai iya ba. Wanda suka tarar, shi ne mai gyara.