Dogo da Gwangwanin Taki

A aji huɗu akwai wani yaro da ake kira Dogo. Ya fi kowa tsayi. Shi ke goge saman allo. Ya saba zama na farko a komai, har a layin famfo.

Abokin zamansa a benci kuwa Gajere ne. In ya zauna, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Wata rana aka tashi da zafi mai tsanani. Fankar aji tana juyawa, amma gumi bai daina zuba ba. Malama ta ajiye alli.

Ta ce, "Kun ji wannan zafin? Ba mu kaɗai ba ne. Duniya ce gaba ɗaya take ɗumama. Hayaƙi ya yi yawa a sama, bishiyoyi sun ragu a ƙasa. Wani wuri fari, wani wuri ambaliya."

Gajere ya ɗaga hannu. "Malama, to a saya wa duniya fanka mana."

Aji ya fashe da dariya. Malama ma ta murmusa.

Ta ce, "Fankarta ita ce bishiya. Gobe kowa zai dasa ɗaya. Wanda tasa ta fi kyau a ƙarshen zango, shi zai sa koriyar hula."

Ta fito da hular daga jaka, ta ɗaga ta sama. Dogo ya kalle ta, ya shafa kansa. A ransa ya riga ya sa ta.

Washegari suka yi dashe a bayan aji, layi guda. Kowa ya kafa guntun katako mai lambarsa. Dogo bakwai, Gajere takwas.

Bayan 'yan makonni, bishiyar Gajere ta kai ƙugu. Ganyenta kore shar. Ta Dogo kuwa ko gwiwa ba ta kai ba.

'Yan aji suka samu abin tsokana. In Dogo ya wuce sai su rera, "Gajere ya shuka dogo, Dogo ya shuka gajere!"

Abin ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi. Kullum da safe sai ya auna bishiyoyin biyu da rula. In ya zo kan ta Gajere, sai ya lanƙwasa kanta kaɗan. Duk da haka ta fi tasa.

Da ya tambayi Gajere, da ya gaya masa sirrin. Amma ina! Dogo ya tambayi Gajere?

Baban Dogo mai lambu ne. Ranar hutu Dogo ya ga yana barbaɗa takin zamani, ɗan kaɗan da yatsu uku, nesa da gindin shuka.

"Baba, wannan ɗan mitsitsin zai ishe ta?"

"Taki kamar gishiri ne a miya, yaro. In ya yi yawa, an yi ɓarna."

Dogo ya ji farkon maganar, ƙarshen ya bi iska. Ya yi nasa lissafin. In yatsu uku suna ƙara taƙi ɗaya, ai gwangwani guda zai kai bishiya rufin aji.

Ya cika gwangwanin madara fal, ya ɓoye a jakarsa. Da ya isa makaranta ya juye shi duka a gindin bishiyarsa, ya rufe da ƙasa.

Kwana uku kacal, ganyen suka yi ja, suka nannaɗe kamar takardar da wuta ta lasa.

Dogo ya tsaya yana kallo. Ya dubi ta Gajere, tana ta rausaya a iska kamar tana yi masa gwalo. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ba kowa. Sai ya tumɓuke katakan biyu, ya musanya su.

Da aka fito hutun tara, Gajere ya zo da ruwansa. Ya tsaya cak.

"Kai Dogo, wannan ai tawa ce!"

"Ba ka iya karatu ba ne? Karanta lamba."

"To yaushe bakwai ta koma bayan takwas?"

Yara suka taru. Malama ta zo, ta dubi bishiyoyin, ta dubi Dogo.

Ta ce, "Tunda koriyar taka ce, gaya mana. Me ke binne a gindinta?"

Dogo ya ce, "Saiwa, Malama."

"Kai fa, Gajere?"

"Gorar roba ce, Malama. Na huda ta da ƙusa, na binne. Ina cika ta da safe, ruwan yana ɗiga a hankali har yamma."

Malama ta tona da tsinke. Ga murfin gora nan, shuɗi. Ta tona gindin ɗayar. Ga taki nan fari fat, kamar an zubar da sukari.

Dogo ya so ƙasa ta tsage ya shige. Hawaye ya zubo masa.

"Ni na zuba, Malama. Ni na canja lambar. Na ji haushi ne tasa ta fi tawa."

Malama ta ce, "Ka kyauta da ka faɗi gaskiya. Amma hula ta wuce ka. Kuma mako biyu kai za ka ɗebo wa layin nan ruwa. Ka sani, Dogo, inuwa ba ta karanta lamba. In bishiyarsa ta girma, kai ma za ka zauna a ƙarƙashinta."

A gida ya gaya wa Baba komai. Baba ya riƙe haɓa.

"An ce hassada ga mai rabo taki ce. Kai kuma ka haɗa da takin gaske, ka ƙone taka!"

"Baba, ta mutu ke nan?"

"Kankare jikinta da farce. In ka ga kore, da sauran rai. Kwashe ƙasar saman, ka yi ta zuba ruwa ya wanke takin."

Washegari Dogo ya kankara. Kore ne! Ya kama ɗibar ruwa, bokiti bayan bokiti, har kafaɗarsa ta yi tsami.

Gajere kuwa ya ja layi da alli a tsakiyar benci. Kwana biyu bai ce masa uffan ba. A rana ta uku Dogo ya ce, "Ka yi haƙuri, abokina. Na yi maka laifi."

Gajere ya tura masa gora da ƙusa ta saman layin.

"Huda huɗu kawai. Kada ka yi ɗari, na san halinka."

Bayan kwana goma, wani ɗan ganye ya ɓullo, ƙarami kamar kunnen ɓera. Dogo ya yi tsalle har ya kifar da bokiti.

A ƙarshen zango aka sa wa Gajere koriyar hula. Ta yi masa yawa, ta rufe masa ido. Dogo ya gyara masa ita, kuma tafinsa ya fi na kowa ƙara.

Yara, in wani ya fi ku iya abu, kada ku yi masa hassada. Ku tambaye shi yadda ya yi. Duniyar nan guda ɗaya gare mu, kuma tana buƙatar bishiyar kowa.