Ƙararrawar Mama Larai

A shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, wata Asabar da hantsi, Ebenezer yana tsaye a kan kujera a falon gidansa da ke unguwar Television a Kaduna, yana kafa wani faffaɗan katako da ya shafe da baƙin fenti. Matarsa Hadassah tana ƙasa tana miƙa masa ƙusa.

"Ya karkace, Baban Zibah."

"Idonki ne ya karkace, Malama."

Suka yi dariya. 'Yarsu Hephzibah, wadda kowa ke kira Zibah, da ƙanenta Kevin suna kan tabarma suna rigima a kan alli. Zibah shekararta shida, siririya ce mai surutu, kuma da ciwon sikila aka haife ta. Tun da ta shiga firamare, da wuya a yi wata ba a kwantar da ita ba. Yau sanyin layin safe, gobe dukan ruwa a hanya, jibi bulalar makara. Hadassah, wadda ta yi koyarwa kafin ta haihu, ta ce za ta koyar da yaran a gida har jikin yarinyar ya yi ƙwari. Mijin ya amince.

Ana cikin buga ƙusa sai ga ɗan acaɓa ya sauke Mama Larai, mahaifiyar Ebenezer, daga tasha. Ta taho daga Zonkwa da ƙullin acca da citta. Hadassah ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa. Tsohuwar ta ja kunnen Kevin.

"Angona, ko sisi ba ka aiko mini ba, wane irin miji ne kai?"

Sai idonta ya sauka kan bango.

"Wannan fa? Coci za ku buɗe?"

Ebenezer ya sauko ya yi mata bayani a hankali. Tana ji, fuskarta tana canjawa, har ta ajiye kofin ruwan ba ta sha ba.

"Ebenezer, da itace a kaina na kai ka makarantar mishan. Babanka ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya ɗinka maka yunifom. Yanzu da soja suka tafi, lokacin masu takarda ya zo, shi ne za ka tsare jikokina a ɗaki kamar kaji?"

"Mama, karatu za su yi. Maman Zibah malama ce."

"Makarantar da ba ƙararrawa, ba yunifom, ba hedimasta?" Ta juya ga Hadassah. "Ke na san abin da ke ranki. Kunya kike ji a ga ciwon da kika kawo daga gidanku, shi ne kike ɓoye yarinyar. A danginmu ba mu san wannan cuta ba. Ko Zibah ta koma makaranta, ko in tara manya a zauna a kan zamanki a gidan nan."

Hadassah ta sunkuyar da kai. Ta saurara ta ji ko mijinta zai ce wani abu. Bai ce ba.

Da la'asar ya same ta a bayan gida tana tsince acca, hawaye na ɗiga a faifai.

"Kai ma ka san gwajin da likita ya yi mana," ta ce. "Ni da kai duka muna ɗauke da shi. Me ya hana ka faɗa mata?"

Ya tsuguna kusa da ita. "Kafin a haife ni Mama ta binne yara biyu, Ishaku da wata mace. Har yau ta ɗauka iska ce ta taɓa su. Idan na ce mata a jininmu abin yake, za ta gane abin da ya kashe su, ta ɗora wa kanta. Ga hawan jininta. Amma in kin ce in faɗa, yanzun nan zan shiga."

Hadassah ta daɗe tana juya accar da yatsa. Ita ma uwa ce, ta san nauyin abin da ake magana.

"Bar ta," ta ce. "Zan iya ɗaukar zagin. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka sauke allon nan."

"Ba zan sauke ba."

Haka aka fara makarantar falo. Ebenezer ya tafi masaƙar da yake aiki a Kakuri, Hadassah ta tsaya gaban allo, yara a tabarma, Zibah da suwaita da gorar ruwa a gefenta. Mama Larai kuwa ta ƙi komawa Zonkwa. Ta jawo keken ɗinkin surukarta zuwa baranda, ta sayo yadi ruwan bula, tana ɗinki tana habaici.

"Malama, yau ɗalibai nawa suka zo? Ko an yi yajin aiki?"

"Duka sun zo, Mama. Ga kununki kada ya huce."

Wata Litinin cikin damina Hadassah ta ɗauki Kevin suka tafi kasuwar Sabon Tasha cefane, ta bar Zibah wurin kakarta. Tana fita tsohuwar ta ciro sabon yunifom ɗin da ta ɗinka daga ƙarƙashin filo.

"Zo ki gwada, ƙawata. Cire wannan suwaitar, ba a sa ta a kan kayan makaranta."

Zibah ta yi ta juyi gaban madubi, don ita ma tana kewar ƙawayenta. Mama Larai ta kama hannunta suka nufi tsohuwar makarantar. A ranta, idan hedimasta ya ga yarinyar tsaf da ita, magana ta ƙare. Sun tarar an rufe get, maigadi ya jera masu makara a waje, ya ce sai an gama layi. A zamanin Mama Larai ba a gardama da dokar makaranta, don haka ta sa jikarta a sahu, ita ma ta tsaya. Hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauko da iska. Ta lulluɓe yarinyar da gyalenta, amma gyalen ma ya jiƙe sharkaf.

Suka koma gida, kafin azahar Zibah tana birgima a tabarma tana kuka. Hadassah ta dawo ta ga jiƙaƙƙen yunifom a igiya. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta goya 'yarta ta fita neman mota.

A asibiti aka sa wa Zibah ruwa. Ebenezer ya iso da kayan aiki a jikinsa. Mama Larai tana zaune a bakin gado, tana kallon yadda idon yarinyar ya yi rawaya, tana jin tana cewa, "Kaka, ƙafata, cikin ƙashin." Tsohuwar ta taɓa jin wannan kukan, da irin wannan muryar, cikin irin wannan damina.

Wata nas mai suna Sista Celina ta zo duba ruwan, tana faɗa. "Wa ya bar mai sikila a cikin ruwan sama?"

"Ni ce," in ji Mama Larai. "'Yata, ki gaya mini, wannan ciwo ba daga wurin uwa yake zuwa ba?"

"Daga uwa da uba ne, Mama. In ɗaya ba ya ɗauke da shi, yaro ba zai yi ba." Ta gyara allurar ta wuce gado na gaba.

Tsohuwar ta juya ta dubi ɗanta. "Ka sani?"

"Na sani, Mama."

"Ishaku ma ke nan." Ta dubi Hadassah. "Ita fa?"

"Ta sani. Na ce zan faɗa miki, ta ce in bar ki, gara ki zage ta da ki kwanta ciwo."

Mama Larai ta zame daga kujera za ta kai gwiwa ƙasa. Hadassah ta yi sauri ta tare ta.

"Haba Mama, a gaban mutane? Tashi don Allah."

"Na zage ki da abin da ke cikin jinina, kina dama mini kunu. Na kusa binne na uku da hannuna."

"Ba wanda ya zaɓi jininsa, Mama. Ke ma don kina son ta ne. Ki taya ni addu'a kawai."

Ebenezer ya kama hannun matarsa a gaban mahaifiyarsa, abin da bai taɓa yi ba. "Ni ne na bar ki ke kaɗai a cikin wannan magana. Ki yafe mini."

"Ka dai gyara allon, har yanzu a karkace yake," ta ce, tana share ido.

Allah ya taimaka, Zibah ta samu sauƙi aka sallame su. Washegari Mama Larai ta fita ba ta ce ga inda za ta ba. Can sai ga ta da ɗan acaɓa, rungume da tsohon ƙarfen ƙafar mota da ta roƙo a garejin wani makanike. Ta sa Ebenezer ya rataye shi a reshen gwaibar tsakar gida.

"Irin wannan ce ƙararrawarmu a mishan," ta ce. "Na yarda da makarantar gida, amma ba zan yarda da makarantar da ba ta da tsari ba. Maman Zibah ce hedimasta. Ni ce mai ƙararrawa. Kuma ba a buga ta sai rana ta fito ta yi ɗumi."

Ta sake zama kan keke, ta ɗinka wa yunifom ɗin Zibah dogon hannu da shafi mai kauri a ciki, ta yi wa angonta Kevin nasa. Kullum da hantsi unguwa takan ji ƙarar ƙarfen nan. Hadassah ta koyar da karatu da lissafi, in an tashi tara Kaka ta karɓe su da waƙoƙin coci da tatsuniya da harshen Bajju, don ta ce ba za ta bar jikokinta da Turanci da Hausa kawai ba. Ranar da hadari ya haɗo kuwa, ita ce ta farko wajen rufe taga.

Kafin Kirsimeti Zibah ta tsaya a falo ta karanta wa kakarta Zabura da Hausa, ba ta yi tuntuɓe ba. Damina ta wuce, sanyi ya shigo, ba ta sake kwana a asibiti ba. Ranar godiyar amfanin gona a coci, Mama Larai ta fita gaba da kwaryar acca a kai, ɗaya hannun riƙe da na Hadassah. Da fasto ya tambaye ta abin da take godiya a kai, ta ce, "Na zo Kaduna da ɗa ɗaya. Yanzu ina da 'ya."

To, 'yan uwana matasa, ku duba. Hadassah tana da gaskiya a hannunta, da ta so da ta jefi tsohuwa da ita tun ranar farko. Ta riƙe bakinta don tausayi, ba ta kuma saki abin da ta san zai tsare ran 'yarta ba. Haƙuri irin wannan Allah ba ya barinsa ya faɗi ƙasa. Ku kuma maza, kada ku bar matanku su ɗauki zargi su kaɗai don gudun ɓacin ran iyaye, domin shirun Ebenezer ya kusa jawo abin da ba ya gyaruwa. Iyaye kuma su tambaya kafin su yanke hukunci. Gidan da ya koyi waɗannan, ko da katako ɗaya a bango ya zama makaranta.